Sai Bayan Rantsuwa

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto tana tambaya ko Siniya ya gudu ne. Bai gudu ba 'yar uwa, yana nan daram. Ni ce na gaji, irin gajiyar da ko ka kwanta ba ta sauka, sai dai ta gyara zama a kafaɗarka.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ɗalibar likitanci ce a shekarar ƙarshe. A gida nake kwana, kullum in bi motar haya zuwa asibitin koyarwa in dawo da yamma ƙafafuna kamar ba nawa ba. Siniya kuwa shi ne mutumin. Yana gabanmu a makaranta, ya gama, yanzu yana aikin sanin makamar likitanci a wani asibiti can ɗaya gefen gari. Duk ajinmu Siniya suke kiransa, ni ma na bi sahu. Haka na ajiye shi a wayata, sai dai na ƙara masa 'yar alamar zuciya a gefe, wadda nake saurin cirewa duk sanda Umma ta ari wayar za ta haska ƙarƙashin gado.

Rikicina da gida guda ɗaya ne tal. Baba yana so Siniya ya zo su gaisa, a tsayar da magana, a yi abin da za a yi cikin 'yan watannin nan. Ni kuma amsata ba ta canjawa: sai bayan rantsuwa. Rantsuwa ita ce ranar da za a jera mu cikin fararen riguna, mu ɗaga hannu, a ce daga yau kun zama likitoci. Saura kusan shekara. A ajinmu komai da ita ake auna shi. Barci sai bayan rantsuwa, ƙiba sai bayan rantsuwa, har gyaran haƙorin da yake damuna na ce masa ya jira.

Ba wai ba na son Siniya ba ne, kada ku juya min magana. Tsoro nake ji. Na ga waɗanda suka haɗa aure da jarrabawar ƙarshe, na ga yadda suke fitowa daga gaban allon sakamako. Na sha wahalar karatun nan da yawa, ba zan yarda in zo bakin gaɓa kwalekwalen ya kife da ni ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne Baba ba mutum ne mai gaggawa ba. Tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya, mutumin da zai iya ɓata rabin yini yana fere fensir ɗaya har sai bakinsa ya yi masa yadda yake so. Shi ne fa da yake korar min samari tun daga bakin ƙofa, yana cewa yarinyarsa karatu take. Tun ina 'yar mitsitsiya yake kirana Dakta. Tun bara ya ba da ɗinkin rigar da zai sa ranar rantsuwata, ruwan toka mai haske, tana nan rataye a sif cikin ledar mai wanki, ko Umma ba ta isa ta taɓa ta ba. Sai ga shi rana tsaka ya birkice.

Wata safiya muna shan shayi a falo, ni a kan hannun kujera da burodi a hannu ɗaya waya a ɗaya, ya ce, "Dakta, yaron nan dai ya zo."

"Wane yaro Baba?"

"Wanda yake sa ki dariya ke kaɗai a ɗaki kamar sabon kamu."

"Kai Baba. Ai na ce sai bayan rantsuwa."

"Ita rantsuwar nan ƙafa gare ta, da za ta gudu in an yi aure?"

Tari ya sarƙe shi. Na ji tarin, ba zan ce ban ji ba, ya daɗe yana yin sa. Ban ɗago ba na ce, "Mura ce Baba. Ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka rage kwana a ƙarƙashin fanka."

"To, likita ta faɗa." Sannan ya ƙara da wata murya da ban saba ji ba. "In watan nan ya ƙare bai zo ba, ki gaya masa ya daina kiran 'yata."

A nan ne na ɗago, amma ya riga ya miƙe, bayansa kawai na gani yana shiga ɗaki. Na bi bayan da harara, Allah ya yafe min, na koma kan wayata.

Bari in gaya muku abin da yake cikin wayar nan, don na san wasunku sun fara cewa hira da saurayi ce. Ina ma ita ce. Mu ɗaliban likita wayarmu ita ce littafinmu, ita ce malaminmu, ita ce kuma sarƙar da take wuyanmu. Lakca a ciki, jadawalin aiki a ciki, tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki. Ba ka isa ka ajiye ta ba, don ranar da ka kashe data ranar za a canja ɗakin darasi, ka zo ka tarar da kujeru. Ina farkawa ita nake fara laluba tun kafin in gama salati. A aljihun farar rigata take kwana take tashi, har ta kai ko tana caji a ɗaki sai in ji cinyata tana zuu, in kai hannu in tarar ba komai. Lakcocin da nake kallo kuwa da ninkin gudu nake sa su, malamin yana magana kamar ana bin sa da bulala. Na saba da haka har ya zamana in Umma tana ba ni labari, tana jan magana tana "to kin gane ko", sai in ji ɗan yatsana yana neman inda zai danna ta yi sauri.

Sannan ga zauren hirar ajinmu na waya, wanda muka sa wa suna Wa Ya Gane. Wasa ne muka mayar da shi karatu, ko karatu muka mayar wasa, oho. Wanda ya ga wani ciwo mai koyarwa sai ya nemi izinin mai shi, ya ɗauki hoton wurin ban da fuska ban da suna, ya jefa a zaure da ɗan bayani. Wanda ya riga faɗar sunan ciwon shi ya ci. Ba kyautar komai, sai tafi da sitika. Amma a kan wannan tafin na sha barin abinci ya huce. Walƙiya suke kirana saboda saurina. Abokin karawata ɗaya ne, wani dogo mai tabarau da muke ce wa Farfesa, wanda in na riga shi sai ya wuni ba ya amsa gaisuwata. Siniya bai fita daga zauren ba bayan ya gama, yakan turo mana abin da ya gani a asibitinsu, kuma nasa sun fi na kowa wuya.

Kwana kaɗan bayan maganar Baba, muna zagayen duba marasa lafiya da babban likita. Mun yi dafifi a bakin gadon wata tsohuwa, yana danna cikinta yana bayani, ni kuma na laɓe a bayan dogaye, inda na saba. Aljihuna ya yi zuu. Na zaro ta a hankali na kare da fayil.

Siniya ne. Hotuna biyu ya jefa a zaure. Na farko hannu ne a kan farin tebur, na biyu hoton ƙirji an ɗaga shi a jikin taga. A ƙasa ya rubuta: "Namiji, ya haura sittin. Tari na watanni, rama, kasala. Ya sha taba da ƙuruciya, ya daɗe da bari. Ya ba da izini. Wa ya gane?"

Na buɗe hannun da yatsu biyu na ƙara girmansa. Kan kowane yatsa ya kumbura ya yi gunda, farcen ya lanƙwashe kamar bayan cokali. Na tsallaka hoton ƙirjin, ga wani farin dunƙule can sama a huhun dama, gefensa ba santsi. A saman allon na ga an rubuta Farfesa yana rubutu. Zuciyata ta buga, ba don mai hannun ba, don kada a riga ni.

"Ciwon dajin huhu," na tura.

Tafi ya fara zubowa. Siniya ya sa alamar daidai. Farfesa, da yake ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya rubuto: "Tabon da yake gindin babban yatsa fa? Ba a yi bayaninsa ba."

Na sake leƙawa a gurguje. Wani ɗan tabo ne mai sheƙi, mai kusurwa uku. Na rubuta: "Tsohuwar ƙuna ce, ba ruwanta da ciwon. Kada ta ɗauke maka hankali Farfesa."

Aka yi masa dariya. Wata ta tambaya, to yanzu ya ake ciki da shi? Ni kuma giyar nasara tana ɗibata, na rubuta: "Ya zo a makare. Wannan ba zai ga rantsuwarmu ba." Na bi shi da sitikar wani jariri mai kambun sarauta yana share gumi.

Kafin ku zage ni, ku sani haka muke magana a tsakaninmu. Ba rashin imani ba ne. In kana ganin abin da muke gani kullum, ko dai ka mayar da shi raha ko ka zauna a matakala ka yi ta kuka, kuma ba a ba da maki a kan kuka. Haka dai nake gaya wa kaina.

Siniya ya biyo ni da saƙo ta gefe: "Ki goge na ƙarshen nan. Dattijon kirki ne, shi da kansa ya miƙo hannun."

Na rubuta "to", na kai yatsa zan goge, sai na ji wurin ya yi tsit. Dogayen da suke kare ni sun dare. Babban likita yana kallona ta saman tabarau.

"Ke mai kallon fayil kamar ango ya aiko da wasiƙa, me na ce yanzu game da hantar baiwar Allahn nan?"

Ban sani ba. Ko sunan tsohuwar ban sani ba. Ya wanke ni tas a gaban kowa, har ita tsohuwar ta ce a yi min haƙuri. Na wuni da ɗacin abin, na manta da gogewa. Sanda na tuna, lokacin da ake iya janye saƙo ya wuce, sababbin hotuna sun binne shi. Na ce ai shi ke nan, wa zai koma tono.

Ranar, da na dawo gida da yamma, na zube a gado ko takalmi ban cire ba. Ɗakina ba shi da girma: gado, tebur da littattafan da na daina buɗewa tun da na samu irinsu a waya, sai igiyoyin caji da suka harɗe a bakin soket. Umma ta shigo ta zauna a gefen gadon. Agogon Baba ne a hannunta da ƙaramar ƙusa, tana ƙoƙarin huda sabon rami a maɗaurinsa.

"Sannu da dawowa."

"Yauwa Umma." Kunnena ɗaya da abin sauraro, wani malami yana zuba bayanin ƙoda da gudu.

"Yaushe rabon ki zauna da mahaifinki?"

"Ai da safe muka sha shayi tare."

"Kuka sha shayi, ke da wayarki." Ta ci gaba da murza ƙusar. "Ki cire abin nan daga kunnenki, magana zan yi da ke."

Na cire, amma ban tsayar da lakcar ba, ina jin muryar malamin 'yar ƙarama a tafin hannuna. A raina na ce maganar auren ce dai za a sake. Umma ta buɗe baki, ta rufe, ta dubi ƙofa. Daga falo muryar Baba ta taso, a shaƙe amma da ƙarfinta.

"Ke, ki bar yarinya ta yi karatunta."

Umma ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ki kawo yaron nan kawai. Ki yi wa Allah ki kawo shi." Ta fita da agogon. Na mayar da abin sauraron, na koma baya kaɗan don na rasa inda malamin yake.

Da na ga ba sarki sai Allah, na kira Siniya na gaya masa wa'adin da aka ba mu. Maimakon ya taya ni jimami sai na ji yana murmushi ta cikin waya.

"Ni tun yaushe nake cewa ki bar ni in zo? Ke ce kika mayar da ni kamar kayan sata."

"Ba wannan ba. In ka zo, ka ce masa kai ma ba ka shirya ba. Ka ce sai bayan rantsuwata."

"Wato ranar farko in fara yi wa surukina ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce."

"A shirye nake fa, Walƙiya."

"Ni ban shirya ba. Don Allah. In ka ce masa haka zai ji, yana ganin girman likitoci."

Ya ja numfashi. Shi ma a gajiye yake, ina jin hayaniyar masu jiran layi a bayansa. Ya ce zai roƙa mana lokaci, amma ba zai ce bai shirya ba. Sannan ya ce in turo masa hoton Baba, kada ya ci karo da shi a bakin layi ya wuce bai gaishe shi ba.

Na shiga ma'ajiyar hotunana. Jama'a, dubbai ne. Allon lakca, shafukan littafi, huhu, hanta, ƙurji iri-iri, ƙafar wani, idon wata, ni da farar riga a gaban madubin banɗakin asibiti. Na yi ta ja har yatsana ya gaji. Baba dama ba ya son hoto, cewa yake na masu neman ƙuri'a ne. Abin da na samu kawai wata ƙeya ce da gefen hula a bayan wani hoton da na ɗauki kaina. Na rubuta masa: "Za ka gan shi ai. Mai jiki ne, yana da fara'a."

Ranar Asabar da la'asar aka sa. Tun hantsi Umma take goge falo, ta canja rigunan kujeru, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai an yi baƙon kunya. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan furanni a hannu, na yafa mayafi ruwan madara, na ɗan zizara kwalli don in rufe zoben gajiyar da ya zagaye min ido. Na canja ɗankunne sau biyu. Duk wannan da waya a hannuna, ina bin sa da saƙo.

"Ka taho?"

"Ina hanya."

"Kada ka manta abin da muka yi."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Wace riga ka sa?"

"Ki leƙo ki gani, ina ƙofar gida."

Na leƙa ta labule. Farin yadi ya sa, an goge shi har yana ɗaukar ido, ya yi aski, yana riƙe da ledar lemo da ayaba kamar mai zuwa dubiya. Na ji wani sanyi a raina duk da gajiyata. Umma ta shigar da shi, ni kuma na koma kicin na ɗauko tire, na tsaya a lungun da yake tsakanin kicin da falo ina saurare.

Na ji sallamarsa. Na ji Baba ya amsa. Daga nan ban sake jin komai ba.

Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ko Baba ya haɗe rai ne. Sai na ji dariyarsa, dariya sosai, wadda ta ƙare da tari mai tsawo.

"Ikon Allah," in ji Baba da ya samu numfashi. "Na tsallake gari guda don in kauce wa likita ɗaya, ashe hannun ɗayan na faɗa. Zauna ɗana, zauna."

Na shiga da tiren. Siniya yana durƙushe a kan kafet, ledar lemon tana gefensa ta kife, ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur bai ma sani ba. Fuskarsa ta yi fari fat. Na dube shi, ya kawar da kai.

"Kun san juna ne?" na tambaya.

Baba ya ce, "Zuba min shayi, Dakta."

Na durƙusa na zuba. Na miƙa masa kofin, ya miƙo hannu.

Wallahi ban san yaushe rabon da in kalli hannun nan ba. Agogon yana lilo a tsintsiyar hannun duk da sabon ramin da Umma ta huda. Kan kowane yatsa ya yi gunda. Farcen ya lanƙwashe. A gindin babban yatsa kuma ga tabon nan mai sheƙi, mai kusurwa uku, daidai bakin dutsen guga.

Tabona ne. Ina ƙarama Baba yana guge kayan makarantarsa a kan tebur, na rarrafo na ja igiyar. Dutsen ya taho kaina, ya tare shi da hannu. Na girma ina jin labarin, ina wasa da wurin in na zauna a cinyarsa, ina tambayarsa ko har yanzu da zafi, yana cewa ai tuni ya manta. Shi na ƙara wa girma da yatsuna biyu, na dube shi, na ce ba ruwansa.

Na manta da kofin da yake hannuna, ya karkata. Baba ya karɓe shi kafin ya zube. Na ɗago na kalli fuskarsa, kallo na gaske. Kumatun da na ce wa Siniya mai jiki ne babu su. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hular ta sauko har kan kunne. A gida ɗaya muke kwana da mutumin nan.

"Baba," na ce.

Shi kuwa ya kurɓi shayinsa ya juya wajen Siniya, kamar hirar duniya ake.

"Likita, hoton nan da ka ɗauka, ɗaliban naka sun gane kuwa? Ka tuna na ce maka ɗauki abinka, tawa 'yar ma irin karatunku take."

"Na tuna Baba." Siniya ya gyara durƙuso. "Layi ya yi yawa ranar, ban tambaye ka sunanta ba. Da na tambaya..."

"Bar wannan. Sun gane?"

"An gane."

"Wa ya riga?"

Siniya ya sunkuyar da kai. Baba ya dube shi, ya dube ni, sai fuskarsa ta washe da wani farin ciki da ya fi zagi ciwo.

"Dama na san za a rina," ya ce. "Kin ji ko? 'Yarki ce ta ɗaya."

Da Umma yake. Tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Ashe abin da ta zo faɗa min ke nan da agogo a hannu.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" na tambayi Baba. "Taba kuma? Yaushe ka taɓa shan taba?"

"Tun ba a haife ki ba na bar ta, ita ce dai ba ta bar ni ba. Gaya miki kuwa, jarrabawa ce a gabanki. Kuma ai kin duba ni, kin ce mura ce." Ya faɗa da zolaya, irin wadda ya saba yi min. Da mari ya ɗauke ni da ya fi min sauƙi.

A daidai lokacin wayata ta yi zuu a cinyata. Wani ya jefa sabon hoto a zaure. Ba zan ɓoye muku ba, idona ya sauka kanta kafin in hana shi. Baba ya gani.

Ya ajiye kofin. Ya laluba aljihun gaba ya zaro tabaransa.

"Yauwa, tunda ga ta a kusa. Su likitocin can kowa kewaye-kewaye yake min. Wannan ma," ya nuna Siniya da haɓa, "na tambaye shi ko rigata ta sif za ta samu shiga, ya ce min komai na Allah ne. Na san komai na Allah ne, na koya wa yara haka tun ba a haife shi ba. Amma Allah ya ba ku ilimi don ku faɗa wa mutum ya kimtsa. Ke na san ki, ba kya kewaye."

"Baba, don Allah," in ji Siniya. "Hirar ɗalibai ce kawai, ba a..."

"Ɗana, da 'yata nake." Bai ɗaga murya ba. Ya juyo gare ni. "Ba son raina ba ne in takura miki, Dakta. So nake in ga na damƙa ki da hannuna, shi ke nan. Miƙo in ga abin da kika rubuta a kaina lokacin da ba ki san ni ba ne. In ya nuna zan kai, na ba ki gaskiya, yaron nan ya koma, a bari sai bayan rantsuwa."

Ban san sanda babban yatsana ya buɗe wayar ba, ya saba yin abinsa ba da izinina ba. Na san inda saƙon yake. Na san jaririn nan mai kambu yana nan a ƙarƙashinsa yana share gumi. Na dubi Siniya, ya girgiza min kai a hankali. Na dubi Umma, ta juya fuskarta ga bango.

Baba ya sa tabaran, ya gyara masa zama a kan hanci yadda yake yi in zai duba takardun jarrabawar yara. Ya miƙo hannun nan mai tabo, tafinsa a buɗe.

"Ina jira, Dakta."